Yadda Za a Kare Lafiyar Zuciyar Ma'aikata a Wuraren Aiki na Legas

Ma'aikacin da gidansa yake Agege ko Ikorodu, wurin aikinsa kuma yake Apapa ko Victoria Island, yakan fita tun gari bai waye ba, kuma sau da yawa ba ya komawa wurin iyalinsa sai bayan sallar Isha'i. A hanya yake karya kumallo, abincin ranarsa daga wurin mai shinkafar bakin ofis yake fitowa, dogon zaman da yake yi da ɓacin ran da yake haɗiyewa duk tsakanin mota da wurin aiki suke. Saboda haka idan likita ya ce masa ya rage gishiri, ya motsa jiki, ya sami isasshen barci, sannan aka sallame shi ya je gida ya aiwatar, an ɗora masa abin da ba shi da lokacin yi, domin kwana kawai yake yi a gidan. Duk wanda yake son zuciyar ma'aikaci a Legas ta zauna lafiya, wurin aikin zai fara gyarawa, tunda a nan ne yawancin rayuwar mutumin take gudana.

Wannan bayani na duk wanda yake da mutane a ƙarƙashinsa ne: mai kamfani da shugaban ofis, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa a Mile 12, masu kula da direbobin tanka da tirela a Apapa, shugabannin mahauta a mayankar Oko-Oba, mai kamfanin masu gadi, har da mai shagon da yaransa ba su wuce biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukan waɗanda suka rasu a duniya a wannan shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, inda Najeriya take. Mafi yawansu bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, abubuwan da suke share musu hanya kuwa sanannu ne: hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a cikin jini, shan taba, ƙiba da rashin motsa jiki. Dukansu a hankali suke taruwa cikin shekaru, kuma a shekarun da mutum yake kan ganiyar neman abincinsa.

A fara da awon hawan jini

Idan abu ɗaya kaɗai wurin aiki zai iya yi, to ya sayi na'urar awon hawan jini, ya kuma tsayar da ranar awo. Dalili shi ne hawan jini ba ya yawan nuna alama. Mutum zai iya yin shekaru da shi yana cin abincinsa, yana ɗaukar kayansa, ba ciwon kai ba jiri, alhali ciwon yana cin ƙodarsa da zuciyarsa da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 1.3 ne suke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya daidaita da magani. Direban tanka ba ya tashi daga Apapa zuwa Kano sai ya duba iskar taya da man inji, amma akwai direbobin da suka shekara ashirin a kan hanya ba a taɓa ɗaura musu na'urar awo a hannu ba, kuma su ne suke riƙe da sitiyarin motar da take ɗauke da dubban litocin fetur.

A sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, domin ta fi ta wuyan hannu ba da sakamako na gaskiya, a kuma nemi shawarar likita ko ma'aikacin jinya kan irin wadda aka tabbatar da ingancinta. A haɗa da maɗauri babba, saboda idan maɗaurin ya yi wa mai kaurin damtse kaɗan, lambar za ta fito sama da yadda take. Sannan a koya wa mutum biyu yadda ake awon, namiji da mace, don kada wata baiwar Allah ta ƙi zuwa saboda namiji ne zai taɓa hannunta.

Yadda ake awon yana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Wanda za a auna kada ya sha taba, ko kofi, ko lemon ƙara kuzari, kada kuma ya ci goro, cikin minti 30 kafin awon. Ya fara zagayawa idan yana jin fitsari, sannan ya zauna a kujera mai jingina na minti biyar, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirjinsa, ba magana, ba amsa waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka biyun tare da kwanan wata. Manya sukan zo cikin gaggawa su miƙa hannu a tsaye, don haka mai awon ya san yadda zai roƙe su cikin ladabi, kamar ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan zauna a huta tukuna, na'urar ba ta faɗin gaskiya sai jiki ya natsu." Na'urar tana nuna lambobin jini biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a maimaita awon a wata rana daban, idan ta sake fitowa haka a tura mutumin asibiti. Idan kuwa ta kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, a ranar zai ga likita, in kuma akwai ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko sarƙewar numfashi, to nan take za a kai shi.

Mai awon ba likita ba ne, bai kamata ya faɗa wa kowa sunan maganin da zai saya a kemis ba. Aikinsa ya auna, ya rubuta, ya tura. Wani abin da ya zama dole a kiyaye shi ne sirri. Ma'aikaci da yawa yana gudun awo ne don tsoron kada maigida ya ji yana da ciwo ya sallame shi, kuma a garin da samun aiki yake da wuya kamar Legas, wannan tsoro yana da dalili. A ba kowa katinsa ya riƙe a hannunsa, shugaba kuwa adadi kawai za a gaya masa, wato mutum nawa aka auna, nawa aka tura asibiti, ba tare da sunaye ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma ko babu doka, amana ce. Ni a ganina, ranar farko shugaban da kansa ya kamata ya fara zama a kujerar a gaban kowa, domin idan yara suka ga Alhaji ya naɗe hannun riga an ɗaura masa na'ura, ba wanda zai ƙara ɗaukar awon a matsayin tarko.

Wanda aka ɗora a kan magani yana buƙatar taimakon wurin aiki ta hanyoyi biyu. Na farko, a ba shi izinin zuwa asibiti ranar da aka rubuta masa ba tare da an yanke masa kuɗi ba. Na biyu, a riƙa tunatar da kowa cewa saukar lamba alama ce ta magani yana aiki, ba a kuma daina shan maganin hawan jini sai da izinin likita. Kafin azumin Ramadan ya kama, masu hawan jini da masu ciwon suga su je a tsara musu lokacin shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, kada kowa ya tsara wa kansa. Sau ɗaya a shekara kuma a gayyaci ma'aikatan lafiya su gwada suga da kitsen jini, su auna nauyi da faɗin ƙugu. Awon ƙugu yana da sauƙin tunawa: bai kamata zagayen cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa ba.

Abin da ake ci tsakanin safe da yamma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai gram 5, wato ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da yake ɓoye cikin abinci. Yawancin gishirin da ma'aikaci yake ci ba ya ganinsa da ido. Yana cikin dunƙulen magi, da garin ɗanɗanon da yake zuwa tare da indomi, da burodi, da kifin gwangwani, da yajin tsire da kilishi, da naɗin fulawa mai nama da ake talla a cunkoson motoci. Kanwar da ake jefawa a wake ko a miyar lalo ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da yake tayar da jini a cikin gishiri. Mai gadin da ya ci indomi biyu da ƙwai a teburin mai shayi da dare, aka zuba masa garin ɗanɗanon duka aka ƙara magi, zai iya cinye mafi yawan gishirin yini guda a zama ɗaya.

Wurin aikin da yake da kantin, ko yake da mai kawo abinci ta dindindin, yana da babbar dama, domin magana da mutum ɗaya za ta canja abincin mutum hamsin. A zauna da mai abincin a yi yarjejeniya da ita: ta rage magi da gishiri kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba a rana ɗaya ba, saboda harshe yana sabawa idan aka bi shi a hankali, amma idan aka janye gaba ɗaya mutane za su gudu zuwa wata rumfar. Ta cike gurbin da albasa, tafarnuwa, citta, tattasai, attaruhu da daddawa. A ɗauke kwanon gishiri daga kan teburin cin abinci. A ƙara ganye a faranti, irin su alayyahu, ugu, zogale, rama da kabeji, a rage tulin shinkafa ko tuwo, a sa wake da kifi su riƙa fitowa sau da yawa a mako. Man suya kuma kada a riƙa maimaita shi har ya yi baƙi. A sayi man da yake da lambar NAFDAC, domin hukumar ta kafa ƙa'idar da ta taƙaita nau'in kitsen masana'anta mai toshe jijiyoyi zuwa gram 2 cikin kowane gram 100 na kitse, man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar jarka kuwa ba wanda ya san asalinsa. Idan mai abincin ta ji tsoron asara, wurin aikin ya tabbatar mata da adadin farantan da za a saya kullum, wannan ya fi mata kowace lacca.

Abin sha ma haka. Lemukan kwalba da yawa suna ɗauke da kimanin gram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ta kai kusan gram 50, kuma wannan shi ne iyakar sukarin da ake ba babban mutum shawarar kada ya wuce a yini guda. A cikin zafi da gumin Legas mutum yakan sha biyu kafin La'asar. Maganin wannan shi ne ruwa mai tsafta, mai sanyi, kyauta, a wurin da hannu zai kai gare shi ba wahala. Wanda ruwan sha yake kusa da shi ba ya yawan aika yaro sayen lemo. A tarukan ofis da na ƙungiya a sauya katan ɗin lemo da fanke da cincin da ruwa, da zoɓo marar sukari ko mai ɗan kaɗan, da gyaɗar da ba a barbaɗa wa gishiri ba, da ayaba, lemon zaƙi, kankana, gwanda, yalo ko agwaluma idan lokacinta ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci aƙalla gram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a yini. Abin takaici ne a ce 'yan'uwanmu da suke sauke tumatir, albasa, karas da kabeji daga manyan motoci a Mile 12, waɗanda suke ciyar da Legas da kayan lambu, su kansu su wuni a kan burodi da lemon kwalba.

Goro da shayi al'adarmu ne, kuma ba a ce a bar su ba. Sai dai goro yana da sinadarin da yake cikin kofi, mai hana barci da sa zuciya saurin bugawa, don haka mai hawan jini ya taƙaita shi, musamman da yamma. Shayin da aka cika da sukari da madarar gwangwani mai zaƙi kuwa, a ce wa mai shayi ya rage hannu.

Motsa jiki a cikin lokacin aiki

Ma'aunin da aka amince da shi ga babban mutum shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaicin motsi shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ƙaru, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Ba sai an yi shi a zama ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa yake yiwuwa a wurin aiki. Minti goma da safe, goma bayan Azahar, goma bayan La'asar sun zama talatin, a kwana biyar sun cika 150. Musulmi yana da sauƙin da wasu ba su da shi, tunda salla tana tayar da shi daga kujera sau biyu a tsakiyar aiki. Abin da ya rage wa shugaba shi ne ya ƙara minti goma a kan lokacin salla, ya ƙarfafa wa mutane su taka zuwa masallacin da yake da ɗan nisa, ko su zagaya harabar wurin aiki kafin su koma kan tebur.

A ofisoshin bene, a share matattakala, a sa mata fitila, a buɗe ƙofarta, domin mutane da yawa suna jiran lif ne saboda matattakalar ta zama ɗakin ajiyar tarkace. Wanda aikinsa na kwamfuta ne, da ɗan canjin da yake wuni a kan benci, da mai shagon da yara suke miƙo masa komai, su riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya, ko da na minti biyu ne. Mai hawa BRT ko jirgin ƙasan da yake tafiya tsakanin Marina da Mile 2 yana iya ƙarasa sauran hanyar da ƙafa maimakon hawa Keke Napep, idan hanyar tana da tsaro kuma akwai wurin tafiya a gefen titi.

A kasuwa lamarin ya bambanta, bai kamata a ba kowa shawara iri ɗaya ba. Ɗan dako da yake wuni da buhu a ka ba ya buƙatar a ce masa ya yi tattaki. Abin da yake buƙata shi ne ruwa, inuwa, hutu da awon jini, domin aikin ƙarfi ba ya hana hawan jini. Masu buƙatar tattakin su ne dillalai da iyayen gida da suke zaune daga safe har yamma. Wanda ya haura shekara arba'in bai saba motsa jiki ba, ko yake da ciwon da aka sani, ya fara a hankali bayan ya ji ta bakin likita, kada a tura shi filin ƙwallo ranar Asabar don ƙungiya ta shirya wasa.

Tsawon lokacin aiki da barci

Wannan ne ɓangaren da masu wurin aiki ba su cika son ji ba, domin yana taɓa aljihu, amma tsallake shi rashin adalci ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa yin aiki na awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, yana kuma ƙara haɗarin mutuwa daga ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa doguwar ranar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016. Mai gadin da yake yin awa 12 kullum, kwana shida a mako, awa 72 yake yi, ba a ma lissafa lokacin da ya ɓata a hanya ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun da jimillarsa bai gaza awa ɗaya ba ga wanda yake aikin awa shida ko fiye a yini, da cikakken yini guda na hutu a kowane kwana bakwai. Wanda bai ba yaransa wannan ba, rabon ayaba a taro ba zai wanke shi ba.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Inda aikin ya ba da dama, a bar mutane su zaɓi lokacin farawa da tashi, ta yadda wanda zai ratsa gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, zai kauce wa lokacin da cunkoso ya fi tsanani. A daina tura saƙon aiki ta WhatsApp da tsakar dare ana jiran amsa. A tsara aikin dare da adalci, kada ya zama mutum ɗaya ne kullum. Direban doguwar hanya a ba shi abokin canji da lokacin isa mai ma'ana, domin matsin lamba ne yake tura direbobi ga lemukan ƙara kuzari, da tiramadol, da haɗe-haɗen magungunan da ake talla a tasha. Ko magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, idan aka mayar da su abin sha kullum, suna tayar da jini suna kuma taɓa ƙoda. Wanda abokan kwanansa suke cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa, ga gyangyaɗi da rana, a tura shi asibiti, domin wannan ciwo ne da yake tafiya tare da hawan jini.

Biyan albashi a kan kari, da barin tozarta ma'aikaci a gaban jama'a, su ma suna cikin kula da zuciya, saboda damuwar da ba ta yankewa tana hana barci, tana tura mutum ga taba da ciye-ciye. Matan da suka dawo daga hutun haihuwa suna buƙatar kulawa ta musamman: wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki ta ci gaba da awo, wadda kuma take fama da kumburin ƙafa, haki ko kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa, a ba ta dama ta ga likita ba jinkiri, a kuma ja hankalinta game da yawan shan kunun kanwa.

Taba da hayaƙi

Dokar Jihar Legas ta 2014 da dokar tarayya ta 2015 sun hana shan taba a rufaffun wuraren da jama'a suke taruwa, har da wuraren aiki, don haka shugaba aiwatarwa kawai zai yi. Hanin ya haɗa da shisha, ya kuma shafi kowa har manyan baƙi. Mai son dainawa a taimake shi ba tare da gori ba, a gaya masa cewa shekara ɗaya bayan barin taba haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana raguwa zuwa kusan rabin na mai sha. Janareta kuma a ajiye shi a waje, nesa da taga da wurin zaman mai gadi, saboda shaƙar hayaƙinsa kullum yana cutar da zuciya da huhu, a rufaffen wuri kuwa yana kisa.

Shirin ranar gaggawa

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kowa a wurin aiki ya san alamomin tun kafin ranar ta zo. Bugun zuciya yakan zo da nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya gangara hannun hagu, muƙamuƙi ko baya, tare da gumi da sarƙewar numfashi. A wurin mata da masu ciwon suga yana iya zuwa da tashin zuciya da kasala mai tsanani, har a ɗauka gyambon ciki ne. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ana gane shi da karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da sarƙewar harshe, duk farat ɗaya. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma cunkoson Legas yana iya cinye rabin wannan lokaci.

A liƙa lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767, a bango inda kowa zai gani, tare da sunan asibiti mafi kusa da yake karɓar irin waɗannan marasa lafiya dare da rana, da sanin hanyar zuwa manyan asibitocin koyarwa, wato LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. A san tun yanzu motar wa za a ɗauka idan motar asibiti ta yi jinkiri, a kuma ware kuɗin da za a ajiye a asibiti, kada a tsaya karo-karo mutum yana kwance. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, madara, manja ko rubutu a baki, domin zai iya shaƙewa. A yi masa addu'a ana tafiya da shi. Idan ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, saboda haka a nemi ƙungiyar agaji ta Red Cross ko ma'aikatan asibiti su horar da aƙalla mutum biyu a kowane rukunin aiki, har da na dare.

Duk wannan yana tsayawa ne idan kuɗin magani bai gagari ma'aikaci ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga mazauna Najeriya, Jihar Legas kuma tana da shirinta mai suna Ilera Eko, wanda ɗaiɗaikun mutane da iyalai suke iya shiga. Kamfani ya yi wa ma'aikatansa rajista, ƙungiyar kasuwa kuma ta ware wani abu daga kuɗin da take karɓa don mambobinta, a kuma tambaya a ji ko tsarin da aka zaɓa ya haɗa da maganin hawan jini da na suga na kowane wata.

A ɗora alhakin shirin a wuyan mutum ɗaya sananne, a ba shi ɗan kasafi da littafi. Ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, da 29 ga Satumba, ranar zuciya ta duniya, sun dace da babban awo na kowa da kowa, a tsakaninsu kuma a riƙe awon wata-wata ga waɗanda lambarsu ta hau. Bayan wata shida a zauna a duba littafin: mutum nawa aka auna, nawa aka tura asibiti, nawa ne suka je da gaske, nawa ne kuma jininsu ya sauka ƙasa da 140 da 90. Waɗanda aka tura ba su je ba, mai awon ya same su ɗaya bayan ɗaya a keɓe ya ji abin da ya hana su, ko kuɗi ne, ko izinin fita, ko tsoro, sannan ya kai wa shugaba matsalar ba tare da ambaton suna ba.